Tsaurara Dokokin Kariya ga Bututun Iskar Gas a Amurka: Nazarin Gobarar San Bruno da Abin da Ya Biyo Bayanta

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda dokokin kare lafiyar jama'a daga haɗarin bututun iskar gas suka riƙa tsananta a ƙasar Amurka, tun daga dokar tarayya ta 1968 har zuwa ƙa'idojin da aka fitar tsakanin 2019 da 2022. An ɗauki fashewar bututun garin San Bruno ta 2010 a matsayin ginshiƙin nazarin, saboda ita ce ta tona raunin da dokar ta shekara arba'in tana ɗauke da shi. Maƙalar ta nuna cewa raunin ya samo asali ne daga sassaucin da aka yi wa tsofaffin bututai da kuma dogaro da takardun kamfani ba tare da tantancewa ba. An kuma duba matsayin harshe a cikin waɗannan dokoki, da abin da hakan ke nufi ga Hausa dangane da aikin shimfiɗa babban bututun gas zuwa Kano.

1.0 Gabatarwa

Bututun da aka binne a ƙasa yakan fita daga tunanin mutane da zarar an mayar da ƙasa a kansa. Ana yin gini a gefensa, a yi noma a bisansa, wani lokaci ma a manta da shekarar da aka binne shi. A Amurka akwai kimanin mil 300,000 na manyan bututan jigilar iskar gas, kuma kaso mai yawa daga cikinsu an shimfiɗa su ne a shekarun 1950 da 1960, wato kafin gwamnatin tarayya ta sa hannu a harkar kula da lafiyarsu. Tarihin dokokin wannan fanni, kamar yadda za a gani, tarihi ne na ihu bayan hari, domin kusan kowace doka tana da gobarar da ta haife ta.

Kafin a shiga cikin batun, akwai buƙatar a fayyace abin da ake nufi da iskar gas a nan. Iskar da ake magana a kai ita ce wadda ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, wadda mafi yawanta sinadarin metan ne. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ta fi iskar da ake shaƙa rashin nauyi. Tana bi ta matakai uku kafin ta isa ga mai amfani da ita. Bututan tattarawa su ne ke kwaso ta daga rijiyoyi zuwa masana'antar tacewa, manyan bututan jigila su ɗauke ta da matsi mai ƙarfi zuwa nesa, sannan ƙananan bututan rarrabawa su shigar da ita unguwanni da gidaje. Warin da aka san gas da shi ƙara masa ake yi da gangan. Jihar Texas ta wajabta hakan ne bayan fashewar da ta auku a makarantar New London a ranar 18 ga Maris, 1937, inda gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin ya hallaka mutum kusan 300, mafi yawansu ɗalibai.

2.0 Dokar 1968 da Sassaucin 1970

A watan Maris na 1965 wani babban bututu ya fashe a garin Natchitoches na jihar Louisiana, ya kashe mutum 17. Wannan haɗari yana cikin abubuwan da suka tura majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar kariya ta bututun iskar gas a 1968, wadda ta ɗora alhakin tsara ƙa'idoji a kan Ma'aikatar Sufuri. Ƙa'idojin sun fito a 1970. A yau hukumar da ake kira PHMSA, wadda aka kafa a 2004, ita ce ke riƙe da wannan aiki, yayin da hukumomin jihohi ke duba bututan da ba su tsallaka iyakar jiha ba.

Ƙa'idojin 1970 sun ginu ne a kan tunani mai sauƙi: gwargwadon yawan mutanen da ke kusa da bututu, gwargwadon rarar ƙarfin da ya kamata a bar wa ƙarfensa. Ana ƙirga gine-ginen da mutane ke zama a ciki a tsawon mil ɗaya, cikin tazarar yadi 220 a kowane gefe. Idan ba su wuce 10 ba, wurin aji na ɗaya ne, kuma ana iya matsa wa ƙarfen har kashi 72 cikin ɗari na abin da zai iya ɗauka kafin ya fara lanƙwasa. Daga gini 11 zuwa 45 aji na biyu ne, mai kashi 60. Daga 46 zuwa sama aji na uku ne, mai kashi 50, sai kuma aji na huɗu inda benaye masu hawa huɗu ko fiye suka yawaita, wanda aka tsayar a kashi 40. Haka kuma an wajabta a gwada kowane sabon bututu kafin a sa masa gas, galibi ta hanyar cika shi da ruwa a matsa shi fiye da matsin da zai yi aiki da shi. Hikimar gwajin ruwa ita ce, idan akwai aibi a walda, gara ya fashe da ruwa a ranar gwaji da ya fashe da gas a tsakiyar unguwa.

Sai dai an bar wata ƙofa a buɗe. Bututan da aka riga aka binne kafin 1970 an yarda su ci gaba da aiki a kan matsi mafi girma da suka taɓa ɗauka a cikin shekaru biyar da suka gabaci 1 ga Yuli, 1970, ko da ba a taɓa yi musu gwajin ruwa ba. Wannan shi ne abin da maƙalar za ta riƙa kira sassaucin tsofaffin bututai. Hujjar da aka kafa shi a kanta ba ta rasa ma'ana ba: bututun da ya ɗauki wani matsi bai fashe ba, ya nuna cewa yana iya ɗaukarsa. Inda hujjar ta gaza shi ne, gwajin ruwa yana nuna rarar ƙarfi a sama da matsin aiki, shi kuwa tarihin aiki ba ya nuna ko rarar tana da yawa ko kuwa saura ƙiris. Tsaga kuma tana girma a hankali duk lokacin da matsi ya hau ya sauka.

A ranar 19 ga Agusta, 2000, wani bututu mai faɗin inci 30 da tsatsa ta cinye ta ciki ya fashe kusa da Carlsbad a jihar New Mexico, ya ƙone mutum 12 da suka yada zango a bakin kogin Pecos. Dokar 2002 da ta biyo baya ta kawo sabon tsari, inda aka umurci kamfanoni su gano wuraren da haɗari zai fi yin ɓarna, su tantance irin barazanar da ke fuskantar bututu a wurin, su kuma riƙa duba shi duk bayan shekara bakwai. Ana ƙididdige da'irar ɓarnar ne daga faɗin bututu da matsinsa, kuma wuri yana shiga lissafi idan da'irar ta ƙunshi gini 20 ko fiye, ko wani wurin taruwar jama'a kamar makaranta ko asibiti. Abin lura a nan shi ne, wuraren da suka cika wannan sharaɗi ba su kai kashi 10 cikin ɗari na tsawon bututan jigila ba. Bakin kogin da ya jawo dokar, kasancewarsa daji ne, da wuya shi kansa ya shiga cikin irin wuraren da ta tanada.

3.0 Gobarar San Bruno

San Bruno ƙaramin gari ne a kudu da birnin San Faransisko, a jihar Kalifoniya. Da misalin ƙarfe 6:11 na yammacin 9 ga Satumba, 2010, bututu mai lamba 132 na kamfanin Pacific Gas and Electric, wanda aka fi sani da PG&E, ya fashe a tsakiyar unguwar Crestmoor. Faɗinsa inci 30 ne. Ƙarfin fashewar ya tono rami mai tsawon ƙafa 72 da faɗin ƙafa 26, ya kuma yi jifa da wani yanki na bututun mai tsawon ƙafa 28 zuwa nisan ƙafa 100. Mutum 8 suka rasu, gidaje 38 suka ƙone ƙurmus, wasu 70 kuma suka lalace. Da farko mazauna wurin sun ɗauka jirgin sama ne ya faɗo, kasancewar filin jirgin San Faransisko yana kusa.

An ɗauki minti 95 kafin a tsayar da kwararar gas. Bawul ɗin da ke gefe biyu na wurin da hannu ake juya su, don haka sai da ma'aikata suka shiga mota suka je inda suke. Duk tsawon wannan lokaci wutar tana samun abinci, 'yan kwana-kwana kuwa ba su da yadda za su kusance ta.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasa, wato NTSB, ta kammala bincikenta a watan Agustan 2011. Abin da ya tayar da haɗarin a ranar shi ne wani aikin gyaran lantarki da ake yi a tashar Milpitas, wanda ya sa matsi ya ɗan hau a cikin layin. Amma matsin bai wuce iyakar 400 a ma'aunin psi da aka amince wa bututun ba. Ma'ana, ya fashe ne alhali yana aiki a cikin hurumin doka. An shimfiɗa wannan sashe a 1956, kuma an haɗa shi da wasu gajerun gutsattsarin bututu da ba su cika ƙa'idar ƙira ba. A wasu daga cikinsu an yi waldar ɗinkin tsaye ta waje kawai, ba a yi ta ciki ba, don haka kaurin waldar bai kai na bangon bututun ba. Hukumar ta ce aibi ne da ido zai iya gani da an duba a lokacin aikin. Ta kuma ce da an yi gwajin ruwa, da wuya aibin ya tsira. Ba a yi gwajin ba, domin ƙa'idar Kalifoniya ta 1961 da ta tarayya ta 1970 duk sun yafe wa tsofaffin bututai.

3.1 Matsalar Takardu

Wannan ɓangare ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, saboda shi ne ya sauya tunanin masu tsara doka. A rumbun bayanan kamfanin an rubuta cewa wannan sashe bututu ne marar ɗinki, wato wanda aka ƙera shi dunƙule ba tare da waldar tsaye ba. Da aka tono shi sai ga ɗinki. Hasali ma, a wancan zamani ba a ƙera bututu marar ɗinki mai faɗin inci 30, don haka bayanin ya isa ya sa injiniya ya yi shakka tun kafin a tona komai.

Illar wannan kuskure ta bi ta cikin dukkan tsarin da dokar 2002 ta gina. Tsarin ya bar wa kamfani ya fayyace barazanar da ke kan bututunsa, sannan ya zaɓi hanyar dubawa da ta dace da ita. Hanyoyin da aka amince da su sun haɗa da gwajin ruwa, da tura na'ura mai auna lafiyar ƙarfe ta cikin bututu, wadda ma'aikatan fannin ke yi wa laƙabi da alade, da kuma auna alamun tsatsa daga saman ƙasa a tona wuraren da ake zargi. Layi na 132 ba ya karɓar na'urar, saboda lanƙwasarsa da sauye-sauyen faɗinsa. Gwajin ruwa kuma yana buƙatar a dakatar da gas, ga tsada. Sai kamfanin ya zaɓi hanya ta uku, wadda tsatsa kawai take ganowa. Tun da takarda ta ce babu ɗinki, babu wanda ya nemi aibin ɗinki. An yi dubawa, an cika fom, hukumar jiha ta karɓi rahoto, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ya taɓa ainihin abin da ya kashe mutane.

Ana iya cewa dokar 2002 ta yi abin da ya dace da ta bai wa kamfani damar amfani da sanin da yake da shi game da kayansa, domin babu hukumar da za ta san bututu fiye da mai shi. Amma wannan dama tana da amfani ne kawai idan sanin gaskiya ne, idan kuma akwai mai bin diddigi. NTSB ta ɗora wani kaso na laifin a kan hukumar kula da kamfanonin amfanin jama'a ta Kalifoniya, saboda ta kasa gano gazawar shirin kamfanin. Daga wannan bincike ne aka samo sharaɗin da yanzu ya shiga cikin ƙa'ida, cewa takardar da za a dogara da ita wajen tsayar da matsin bututu dole ta kasance mai asalin da za a iya bi, wadda wata takarda dabam ta gaskata, kuma kammalalliya.

4.0 Daga Hukunci zuwa Sabbin Ƙa'idoji

Hukunci ya riga sabbin ƙa'idoji isowa. A watan Afrilun 2015 hukumar Kalifoniya ta ci PG&E tarar dala biliyan 1.6. A watan Agustan 2016 kotun tarayya ta same shi da laifuffuka shida, ciki har da kawo cikas ga binciken NTSB, sannan a Janairun 2017 aka yanke masa tarar dala miliyan 3 da zaman sa ido na shekara biyar. Tazarar da ke tsakanin tarar jiha da ta tarayya abin dubawa ce ga masu nazarin shari'a.

Majalisa ta zartar da sabuwar doka a ƙarshen 2011, Shugaba Barack Obama ya sa mata hannu a ranar 3 ga Janairu, 2012. Ta umurci PHMSA ta sake duba batun tsofaffin bututai da na bawul masu rufe kansu. Daftarin ƙa'idar bai fito ba sai a Afrilun 2016, kuma saboda girmansa aka raba shi uku. Kashi na farko ya fito a ranar 1 ga Oktoba, 2019, shekara tara bayan gobarar. Ya wajabta a sake tabbatar da matsin tsofaffin bututan da ke wuraren jama'a, waɗanda ba a taɓa gwada su ba ko takardunsu ba su cika ba, ko dai ta gwajin ruwa, ko rage matsi, ko nazarin injiniya, ko sauya bututun ɗungurungum. An ba da wa'adin kammala rabin aikin zuwa Yulin 2028, sauran kuma zuwa Yulin 2035. Haka nan an ƙirƙiro rukunin wurare masu matsakaicin haɗari, wanda ya fara daga gini biyar, ya kuma haɗa da manyan hanyoyin mota. A Nuwamban 2021 aka shigar da fiye da mil 400,000 na bututan tattarawa cikin tsarin bayar da rahoto, a Agustan 2022 kuma aka ƙarfafa ƙa'idojin tsatsa da na gyara.

Batun bawul ya fi kowane nuna iyakar abin da doka ke iya yi. NTSB ta fara kira da a gaggauta rufe bututun da ya fashe tun farkon shekarun 1970. Ƙa'idar ta fito a Afrilun 2022, inda ta ce a rufe cikin minti 30 daga lokacin da aka gane fashewa. Sai dai ta shafi sabbin bututai ne da waɗanda aka sauya, masu faɗin inci 6 zuwa sama, domin dokar majalisa ta hana a ɗora sabon sharaɗin ƙira ko gini a kan bututun da ya riga ya wanzu. Wato irin layin da ya ƙone Crestmoor bai shiga ciki kai tsaye ba. Wani dalilin jinkirin shi ne sharaɗin da majalisa ta sa tun 1996, cewa sai hukuma ta nuna amfanin kowace ƙa'ida ya cancanci kuɗin da za ta ci. A kan wannan sharaɗi ne kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta soke wasu sassa na ƙa'idar 2022 a watan Agustan 2024, bayan ƙungiyar kamfanonin bututu ta kai ƙara.

Ana cikin wannan jira sai wani haɗarin ya auku a ɓangaren rarrabawa. A ranar 13 ga Satumba, 2018, ma'aikatan da ke sauya tsohon bututu a garin Lawrence na jihar Massachusetts sun bar na'urar auna matsi a jikin bututun da aka yanke. Da na'urar ta ga matsi ya faɗi, sai ta buɗe hanya gaba ɗaya, gas mai ƙarfi ya kutsa cikin gidaje a Lawrence da Andover da North Andover. Matashi ɗaya ya rasu, gine-gine fiye da 130 suka lalace. Jihar ta wajabta sa hannun injiniya mai lasisi a kan irin wannan aiki kafin shekarar ta ƙare, majalisar tarayya kuma ta sa nata gyaran a dokar Disamban 2020.

5.0 Matsayin Harshe

Akwai wani sashe na ƙa'idojin Amurka da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. An wajabta wa kowane kamfani ya ilmantar da mazauna kusa da bututu da masu aikin tono game da alamun yoyo da abin da za su yi idan sun gan su, kuma an ce a yi hakan da Ingilishi da duk wani harshe da jama'a masu yawa a yankin suke ji. Lambar waya ta 811, wadda ake kira kafin a yi tono, ta fara aiki a duk faɗin ƙasar a 2007 saboda wannan manufa. Doka a nan ta ɗauki saƙon da bai isa kunnen makwabcin bututu ba a matsayin gazawar kamfani.

Wannan batu ya kusanto ƙasar Hausa tun ranar 30 ga Yuni, 2020, lokacin da aka ƙaddamar da aikin bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40. Kula da irin wannan bututu yana hannun hukumar NMDPRA da dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa. Idan aka yi amfani da lissafin da'irar ɓarna na Amurka, bututun San Bruno yana ba da kimanin mita 126 a kowane gefe. Bututu mai inci 40 kuwa, idan aka ƙaddara matsinsa a kan 1,000 a ma'aunin psi don misali kawai, yana ba da kimanin mita 266. Mafi yawan waɗanda ke noma da kiwo da haƙar rijiya da ɗibar ƙasar gini a cikin irin wannan tazara tsakanin Kaduna da Kano da Hausa suke jin magana.

Hausa kuwa tana da wata sarƙaƙiya a nan. Kalmar gas tana ɗauke da ma'ana uku a bakin jama'a: man da manyan motoci da injinan niƙa ke sha, da gas na girki da ake sayarwa a tukunya, da kuma wanda ke bin babban bututu. Bambancin na biyu da na uku ya wuce batun suna. Gas na tukunya ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa da ramuka, kuma yana da warin da matan gida suka sani. Na bututu yana tashi sama, kuma a manyan layukan jigila sau da yawa ba a sa masa wari. Don haka sanarwar da za ta ce wa manomi ya kai rahoto idan ya ji warin gas ta koya masa jiran alamar da mai yiwuwa ba za ta zo ba. Alamun da ya kamata a sama wa kalmomi tabbatattu su ne ƙarar huci ko ruri daga ƙasa, da ƙura mai tashi ba tare da iska ba, da kumfa a cikin kududdufi, da shukar da ta bushe a wuri guda alhali ta kewaye tana kore.